Tasin Wajdi da Alkawarin Baka

Daga ƙauyenmu, bayan garin Kaf
12 ga Satumba

Zuwa ga jikana Wajdi, mai kunnuwa kamar marfin tukunya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Sausan da 'yar ƙaramarku Rim. Ni dai ga ni, ban mutu ba tukuna, kada ka fara rabon gado. Gwiwar hagu ta yi mini yaji, ta dama tana jira ta ga yadda za ta kaya. Kunne kuwa ya tattara ya bar ni. Saboda haka kada ka ƙara kirana a wayar maƙwabta, ina ihu kana ihu, duk unguwa ta ji sirrinmu ban da ni. Ka rubuta ka ba Tahir direban motar fasinja, yadda nake yi. Aji uku na yi a makaranta, amma sun ishe ni zaginka.

Tahir ya ce motar taka ta iso birnin Safakis, rawaya kamar ƙwaiduwa, kuma ya gan ka a tasha kana goge ta da hannun rigarka. Shekara tara kana jiran lasin tasi kana tuƙa ta wasu, yau ga ka a cikin wadda za ta zama taka. Allah ya sa albarka. Ka dai riƙa naɗe kunnuwan nan kafin ka rufe ƙofa.

To wa ya yi maka hanya? Ni. Ka faɗa da ƙarfi matarka ta ji. Har yau ina dariya in na tuna ranar da Munsif ya zo tsakar gidan nan da takardun kamfaninsu na ba da mota a biya wata-wata. Kuskus yana kan wuta, nama ya nuna, kai kuma ka jawo takarda ka kafa mata ido kamar alƙali. Ita kuma Sausan, 'yar Safakis, mutanen da suke ƙirga ƙwayar kuskus kafin su ba baƙo, wai, "Malam Munsif, a ba mu kwafi." Da ban mintsine ka ba da kun kunyata ni. Munsif fa ba baƙo ba ne. Wata bakwai na shayar da shi tare da marigayi ubanka, lokacin da uwarsa Haniya ta kwanta ciwo, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma shi ya fi cizo. Baffanka ne na nono. Ana bin baffa da ƙwaƙƙwafi?

Aka karanta Fatiha, aka tafa, aka gama. Dinari ɗari tara duk wata, shekara biyar, mota ta zama taka. Cakin nan biyar na ajiya da ka sa wa hannu kuwa, ai ka ji ya ce a aljihun tebur za su tsufa.

Na ba Tahir man zaitun kwalba biyu. In ɗaya ta iso, ka san wanda ya sha ɗayar.

Kakarka,
Shalbiya

*

Safakis
2 ga Oktoba

Zuwa ga kakata Ummi Shalbiya,

Ina gaishe ki, Allah ya ba gwiwa lafiya. Muna nan ƙalau, Rim ta fitar da haƙori biyu. Mai ya iso, kwalba biyu, Tahir ya ce ki nemi gafararsa.

Kaka, akwai magana. Ranar ashirin da takwas ga watan jiya saƙo ya zo daga kamfani cewa kuɗin wata ya koma dinari dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin. Na je ofishinsu na ce wa yarinyar da ke kan tebur, "Ɗari tara muka yi." Ta ce, "Wancan farashin watan Yuni ne. Kafin motar ta sauko daga jirgin ruwa komai ya tashi." Na ce ai na riga na sa hannu. Ta ce, "Ai shi ya sa." Na ce a ba ni kwafin yarjejeniyar, ta ce kwafina yana hannun wakilin da ya ƙulla cinikin.

Sausan ta ja ni ofishin kare haƙƙin masu saye. Akwai wata mata a can, Madam Najat. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ina kwafinka?" Na ce ba ni da shi. Ta cire tabarau ta dube ni yadda kike duban akuyar da ta shiga lambu. Ta ce ba za ta iya cewa an cuce ni ko ba a cuce ni ba sai ta ga abin da na sa wa hannu. Ta ce haƙƙina ne a ba ni, in kuma an hana ni, in rubuta koke da sunan wanda ya hana. Kin ga ke nan sunan Baffa Munsif. Na kira shi sau goma sha ɗaya, bai ɗauka ba.

In na ƙara awa huɗu a kan titi kullum, zan iya jure wata biyu. Don Allah in ya zo ƙauye ki karɓar mini takardar. Ke ba zai hana ki ba.

Jikanki,
Wajdi

*

Ƙauye
15 ga Oktoba

Wajdi, ɗan tsoron inuwarsa,

Ina gaishe ku. Gwiwa da sauƙi, za ka ji dalili. Ka sumbaci Rim, ka ce ta ciji ubanta da sababbin haƙoran.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, hankalina ya tashi, sai na zo inda ka ce za ka iya jure wata biyu, na ce alhamdu lillahi, ashe ba gobara ba ce, hayaƙi ne. Yaron da ya iya jure wata biyu ai zai iya jure uku.

Munsif ya zo ranar Juma'a da kansa, ban aika ba. Ya kawo mini bargo mai nauyi da man shafawa na gwiwa, ya sumbaci kaina. Na ce, "Kai ɓarawon nono, me kuka yi wa ɗan ɗan'uwanka?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Ummi, ni? Na'urarsu ce ta Tunis take buga wa kowa haka. Ki ce ya biya ya yi shiru zuwa ƙarshen shekara, zan sa a gyara a mayar masa da abin da ya hau." Na ce takardar fa? Ya ce tana can babban ofis ana buga mata hatimi. Ya ci kwano biyu. Mutumin da yake da mugun nufi ba ya cin kwano biyu.

Bari in ba ka labarin kakanka. Ya taɓa sayen alfadari a kasuwar Alhamis, a kan Fatiha kawai. Suna hanyar gida alfadari ya yi ta karkata hagu, har ya kai kakanka gidan wata bazawara. Shi dai haka ya faɗa mini. Ashe idon dama ne ba ya gani. Kwana uku sai ga mai alfadari a ƙafa, ya ce barci ya gagare shi, ya dawo da sulusin kuɗin. Babu takarda, babu Madam mai tabarau. Bazawarar kuwa ni na ji da ita.

Yanzu ka ji ni da kunnuwan nan da Allah ya yi maka a yalwace. Kada ka rubuta sunan Munsif a takardar ƙara. Ban yarda ba. Kabarin Haniya yana kan hanyar na ubanka, da wane ido zan wuce shi? A ce jikan Shalbiya ya kai baffansa gaban hukuma a kan abin da baki zai gyara? Ka ce wa Sausan ta sa wa ranta ruwan sanyi, ba kowa ne ɗan garinsu ba.

Ka ci abinci. Tahir ya ce wuyanka ya fara tsawo.

Kakarka

*

Ƙauye
9 ga Disamba

Wajdi,

Gaisuwa. Ni lafiya lau, in kana son sani. Sanyi ya sauko, muna tsinkar zaitun, yatsuna sun zama itace.

Sati bakwai babu ko layi ɗaya. Alƙalami ya yi tsada a Safakis ne, ko mai mota ya fi ƙarfin rubuta wa tsohuwa? Duk ranar Talata ina fita bakin hanya in tsaya kamar mai jiran saurayi, Tahir ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini babu komai.

Jiya na matsa masa, ya ce ya gan ka. Wai da rana tsaka a tasha, kanka a kan sitiyari kana barci, fasinja yana ƙwanƙwasa gilashi ba ka ji ba. Ya ce bai tashe ka ba don kada ka ji kunya. Na ce masa ƙarya yake, jikana ko a ciki bai yi barcin rana ba. Amma ban ci abincin dare ba.

Ƙarshen shekara ya kusa, Munsif zai gyara. Bai sake zuwa ba, amma na san aiki ne ya yi masa yawa. In fushi kake da ni, ka rubuto fushin. Zagi ma wasiƙa ne.

Kakarka da ta gaji da tsayuwa

*

Safakis
24 ga Janairu

Kaka,

Ina gaishe ki. Rim ta yi tari amma ta warke. Ni ma ina nan.

Ban rubuto ba don ba ni da abin faɗa da zai yi miki daɗi. Da na ce zan jure wata biyu, ba ina nufin da sauƙi ba. Ina nufin bayan wata biyun babu komai.

Na biya Oktoba. Na biya Nuwamba da 'yan kunnen Sausan. Disamba na kai musu ɗari tara, kuɗin da muka yi Fatiha a kansa, suka ƙi karɓa, wai ba sa karɓar rabi. Sati biyu da suka wuce suka ciro caki ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, suka cike shi da adadin da ban taɓa riƙewa a hannuna ba, suka kai banki. Ya dawo. Kin san abin da cakin da ya dawo yake nufi a ƙasar nan: kurkuku.

Ranar Litinin ma'aikacin kotu ya same ni a tasha, ya zo karɓe motar. Akwai wata tsohuwa a kujerar baya da kwandon kifi, aka ce ta sauka. Ta ce, "Ɗana, to wa zai kai ni?" Na miƙa makulli, na ɗaukar mata kwandon zuwa motar wani.

An ba ni sammaci, ranar tara ga Fabrairu. Na koma wurin Madam Najat, ta ce, "Wata uku ina ka shiga?" Na ce kakata ce ta ce in jira. Ta ce har yanzu in akwai takardar a kawo, ko da abin da za a kama.

Na yi miki biyayya, Kaka, ban rubuta sunansa ba. Na kashe wayata saboda kiran kamfani. Ba na roƙon komai sai takardar nan. In ba ta zo ba kafin tara ga wata, ban san abin da zan yi ba, amma ba zan bari Rim ta koyi tafiya a layin masu ziyarar kurkuku ba.

Wajdi

*

Ƙauye
3 ga Fabrairu

Wajdi, ɗana,

Ina gaishe ku. Kada ka tambayi lafiyata. Ga takardarka a cikin ambulan ɗin nan, shafi shida. Ka kai wa matar nan a ranar da ta iso.

Washegarin da wasiƙarka ta zo na hau motar masu kai madara zuwa Kaf, ni da jarkokin madara. Na je gidan Munsif na zauna a kan dakalin ƙofa, ban shiga ba. Matarsa ta fito, "Ummi Shalbiya, a wannan sanyin? Shigo mana!" Na ce nan ya ishe ni. Ta kawo shayi, na ce ta mayar. Ka san yadda unguwa take, kafin rabin awa duk tagogi sun yi idanu.

Ya dawo daga aiki ya same ni. Ya sunkuya zai sumbaci kaina, na kauce. Ya ce, "Ummi, takardar tana Tunis." Na ce, "Munsif, wata bakwai ka sha jinina fari. Ban taɓa ƙirga maka ba. Yau in na tashi daga dakalin nan hannu wofi, zan faɗa a gaban maƙwabtanka cewa ban yafe ko ɗigo ɗaya ba, kuma haka zan faɗa a gaban Allah." Ya shiga ciki. Ko minti biyu bai yi ba ya fito da ita. A ɗakinsa take, Wajdi. Tun watan Yuni a ɗakinsa take.

Na dawo gida na zauna inda rana take faɗowa. Gefe ɗaya Faransanci ne, gefe ɗaya Larabci. Na sa yatsa na bi Larabcin baƙi bayan baƙi, daga azahar zuwa la'asar. Ba wanda ya yi jabu. Ga shi a shafi na huɗu, sama da sa hannunka: in farashin mota ya tashi kafin a miƙa ta, kamfani zai iya ƙara kuɗin wata. Na ce to, an gama da mu. Sai na ci gaba.

Layin da ke ƙarƙashinsa ya ce, in aka ƙara, wanda ya karɓi mota yana da kwana talatin daga ranar da aka sanar da shi. A cikinsu zai iya mayar da mota, a ba shi kafin alƙalaminsa, a ba shi cakinsa duka biyar.

Na ƙirga a yatsu sau uku ko zan samu kuskure. An sanar da kai ashirin da takwas ga Satumba. Ranar da na zauna ina rubuto maka labarin alfadari, saura kwana goma sha uku ƙofar tana buɗe.

Da safe na koma Kaf. Na ce masa, "Ka san da layin nan?" Ya ce ya sani. Na ce don me? Ya ce in mota ta dawo, kamfani yana cire la'adarsa daga albashi, shi kuma ya riga ya kashe ta a bikin 'yarsa. Ya ce ya zaci za ka iya, kai yaro ne mai ƙarfi. Yana kuka yana faɗa. Na bar masa bargonsa a kan dakali.

Da aji ukun nan nawa na karanta ta. Kai da ka yi sakandare, da na ƙyale ka a ranar, kafin kuskus ya huce ka gama. Kunya na ji kada a ce gidana ba a yarda da mutum.

An fara dusar ƙanƙara. Tahir ya ce in hanya ta bari gobe zai tashi. Na sa maƙwabta sun kira ka, wayar a kashe. Ka jira takardar nan, don Allah ka jira.

Kakarka

*

Safakis
11 ga Fabrairu

Ummi Shalbiya,

Sausan ce. Ina gaishe ki, Rim tana lafiya.

Ƙanƙara ta tsare Tahir kwana huɗu, sai ranar takwas ya iso. Wajdi ya tafi ranar shida. Ya bi wani abokinsa mai aikin gini sun tsallaka Libiya. Bai ga wasiƙarki ba, ni na buɗe. Ranar tara kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri a bayan idonsa. In ya dawo, a kan iyaka za a kama shi.

Na kai wa Madam Najat takardar. Ta ce kwana talatin ɗin sun wuce, amma tun da ɓoye masa kwafin aka yi, akwai abin da za a gwada. Ba ta yi alkawari ba. Ta ce sai da shaidar wanda ya ga an sa hannu ba a ba da kwafi ba, ya faɗi sunan wakilin, ya sa hannu a kai. Tawa ba za ta yi nauyi ba, ni matarsa ce. Mu huɗu ne a tsakar gidan a ranar.

Ba zan roƙe ki ba. Na san matsayin Malam Munsif a wurinki. Sau ɗaya Wajdi ya kira, ya tambayi ko kin rubuto.

Sausan

*

Ƙauye
14 ga Fabrairu

'Yata Sausan,

Na gaishe ki, na gaishe da Rim. Lafiyata ta isa tafiya, sauran ba ruwan kowa.

Ranar Talata zan zo tare da Tahir. Ban taɓa wuce Kaf ba, ya ce awa biyar ne, ya ce zai ba ni kujerar gaba in na yi alkawarin ba zan koya masa tuƙi ba. Ban yi alkawarin ba.

Ki gaya wa Madam Najat ta tanadi takarda mai faɗi, baƙaƙena manya ne. Zan rubuta sunan Munsif da na ubansa. A ƙarƙashinsa zan rubuta nawa, da abin da na yi a ranar, da abin da na rubuta a watan Oktoba. In suna so in faɗa da baki a gaban alƙali, zan faɗa, su dai ɗaga murya in za su yi mini tambaya.

Jiya na je makabarta na gaya wa Haniya da kaina, don kada ta ji a bakin wani.

In Wajdi ya sake kira, ki karanta masa wasiƙar da bai gani ba, tun daga farko har ƙarshe. Kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rufa mini asiri.

Shalbiya